Ƙwayar da Na Ba Isa a Kwadon

Ba zan tsaya ba da labarin yadda muka bar garinmu ba. Duk wanda ya zauna a bakin tafkin Chadi a waɗancan shekarun ya san yadda ake barin gari, wanda bai sani ba kuma Allah Ya sa kada ya sani. Sunana Bukar, Babarbare ne ni, sana'ata a da fataucin bandar kifi. Na haura hamsin lokacin da na tsinci kaina a ƙasar Nijar, ƙetaren kogi, daga ni sai riga da hula. Matata Falmata da 'ya'yanmu uku sun bi wata hanya, ni na bi wata. Har yau da nake wannan magana ban ji ɗuriyarsu ba.

A sansanin 'yan gudun hijira ciwon ya fara taɓa ni. Famfo ɗaya ne, kuma da nisa. Wata safiya na ɗauko jarka biyu, ban yi wata tafiya ba sai na ji kamar an aza mini dutsen niƙa a ƙirji. Nauyin ya bi kafaɗata ta hagu ya sauka hannu, ya hau muƙamuƙi. Na tsaya a tsakiyar hanya ina gumi, mutane na ratsa ni.

"Malam, ajiye su mana. Ruwan ba gudu zai yi ba."

Na waiga na ga wani gajeren mutum mai faffaɗar kafaɗa, da fensir maƙale a kunne, alhali babu ko sallen katako a sansanin nan. Isa ke nan, Bahaushe, kafinta mai haɗa kwale-kwale. Shi ma a guje ya rabu da matarsa Hauwa. Bai jira amsata ba ya sungumi jarkokin, ni kuma na zauna a ƙasa. Kafin ya dawo ciwon ya tafi kamar ba a yi ba. Daga ranar muka zama tare, kwano ɗaya, tabarma ɗaya.

Akwai wani mutum da ke yawo da faranti cike da magunguna a ka. Na yi masa bayani, ko gama ji bai yi ba ya ce gyambon ciki ne, yunwa ce ta kawo shi. Ya sayar mini da wasu fararen ƙwayoyi da ake taunawa. Wata da watanni ina tauna alli, ciwon yana nan. In na zauna lafiya lau, in na ɗauki kaya ko na yi sauri sai ya damƙe ni.

Da muka shekara muka ga zaman ba shi da ranar ƙarewa, sai Isa ya ce ya ji ana cewa Gombe da sauƙi, mai ƙarfi yana samun na tuwo. Muka ƙetaro kogi muka shigo Gaidam. Nan ya yi 'yan makonni yana gyara wa mutane ƙofofi har ya mallaki zarto da guduma da gizago. Ya ɗaure su a buhu, yana rungume da su kamar jariri.

A Potiskum muka shiga wata tsohuwar bas mai zuwa Gombe. Mun yi nisa sai direban ya tsaya ya waiwayo.

"Waɗanda ba su da katin shaida su sauka nan. Akwai shingen bincike a gaba, kuma ba a wasa. Ku zaga ta gona, za ku same ni a gindin wata babbar kuka bayan shingen. Ku bar kayanku, kada a gan ku da buhu a daji a ce wani abu ne."

Mu biyar muka sauka. Katinmu ya ƙone tare da gidajenmu, ina za mu samo wani? Muka zaga, zuciya a hannu, don da an hango mu ba tambaya za a fara yi ba. Mun sami kukar. Mota kam ko ƙurarta. Muka zauna har rana ta take, sannan Isa ya miƙe ya kakkaɓe wando.

"Ya tafi da zartona," ya ce.

Tafiyar ƙafa ta wannan yini ita ce mafi muni a rayuwata, har da gudun da muka yi daga gida. Sau huɗu ciwon yana durƙusar da ni. Sauran ukun suka gaji da jira suka wuce. Isa sai ya zauna kusa da ni ya yi ta zuba, labarin jiragen da ya haɗa, da yadda Hauwa ke dafa miyar kuka da har maƙwabta ke aiko kwano. Wata Bafulatana mai tallan nono ta same mu a haka. Ta dube ni, ta sauke ƙwarya, ta dama mana fura ta ba mu, ta ɗauki kayanta ta wuce ba ta karɓi komai ba. Da la'asar wata motar gawayi ta tausaya mana. A saman buhunan gawayi muka shiga Gombe, baƙi ƙirin kamar an tono mu.

Lokacin bama-bamai na tashi a tashoshin mota, gari a tsorace yake. Tsagen fuskata kaɗai ya isa. Ka yi sallama a ƙofar gida kana neman ɗakin haya, a fito da fara'a, a tambaye ka daga ina, ka ce Borno, sai ka ga fuska ta sauya. "Ai jiya-jiyan nan aka kama ɗakin." A masallaci wani ya taɓa janye ɗansa daga kusa da ni. Ban ga laifinsu ba, su ma 'yan'uwansu aka kashe. Amma abin da ciwo, a ce wutar da ta cinye gidanka kai ake wa kallon wanda ya kunna ta.

Muka koma kwana a rumfunan Kasuwar Gombe, muna tashi kafin masu su su zo. Wata rana barci ya ɗauke ni har gari ya waye. Sai na ji ana zungurina da sanda.

"Kai, Babarbare! Wa ya ba bawana izinin kwana a ƙofar rumfata?"

Wani dattijo ne siriri, fari, da gemu. Na daɗe ban ji wanda ya yi mini wasan Fulani da Barebari ba, har na manta ana yi. Bakina ne ya amsa kafin hankalina.

"Yaushe Bafulatani ya yi rumfa? Shanun sun ɓata ne?"

Ya yi dariya har ya dafa gini. Sunansa Bappa Jauro, hatsi yake sayarwa. Ya sa aka kawo mana koko da ƙosai, ya saurari labarinmu bai katse mu ba. Da muka gama ya ce, "Abin kunya ne a ce bawana yana kwana a waje ina da zaure." Ranar muka tare a zauren gidansa a Jekadafari. Maƙwabta sun yi masa magana, har mai unguwa ya kira shi. Ya ce in an ga wani abu a gare mu shi za a kama.

Isa ya sami aiki wurin wani mai yin kujeru. Ni kuwa na kama tura baro, ina kai wa masu sayayya buhunan Bappa zuwa bakin titi. Na ɓoye ciwona don kada a ce ban iya ba. In ya taso sai in tsaya kamar ina gyara takalmi. Haka na yi ta yi har ranar da na turo buhun masara biyu a wani ɗan hawa, na ji dutsen ya sauko da nauyin da bai taɓa yi ba. Baron ya kife, ni ma na bi shi. Bappa da kansa ya sa ni a keke ya kai ni asibiti.

Likitan sa'an ɗana ne. Ya manna mini wayoyi a ƙirji, wata na'ura ta fitar da doguwar takarda, ya daɗe yana dubawa. Ya ce ba gyambon ciki ba ne. Jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ne suka ƙuntata, kamar magudanar da yashi ya cike. In ina zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya isa. In na yi aikin ƙarfi sai zuciya ta nemi ƙari ta rasa, ciwon nan kukanta ne. Ya rubuta magunguna ya tura ni tagar da ake bayarwa.

A tagar nan na haɗu da Sista Rifkatu, Batangaliya, mace mai jiki da ƙaramin gicciye a wuya. Layi ya yi tsawo a bayana, amma da ta ga ina jujjuya takardar a kife sai ta fito ta zaunar da ni a benci.

"Baba, kana karatun boko?"

"Sai ajami."

"To riƙe biro ka rubuta da ajaminka." Ta ware ƙwayoyin hawan jini da na tsinka jini gefe, ta ɗaga wani kwali. "Wannan shi ake kira naitiret. Yana buɗe jijiyoyin jini don kada ciwon ya zo. Ɗaya da safe bayan ka karya, ɗaya bayan azahar. Shi ke nan."

"Da dare fa?"

"Ba a sha. Jiki yana son hutu da shi. In ka cika shi dare da rana sai jikin ya saba, ya daina ji, ka koma kamar mai shan ruwa. In kuma ka manta ɗaya, kada ka haɗa biyu ka ce ramuwa kake."

Sannan ta fito da wata 'yar kwalba mai duhu, ba ta kai babban yatsa ba. Ƙwayoyin ciki kamar ƙwayar gero.

"Wannan kuma na lokacin da ciwon ya taso ne. Ka zauna tukuna, ka ji? Kada ka sha a tsaye, zai iya kayar da kai. Ka sa ɗaya a ƙarƙashin harshe ka bar ta ta narke, ba a haɗiyewa. Bayan minti biyar in bai tafi ba ka ƙara ɗaya, kuma a kama hanyar asibiti da kai, kada a tsaya jira. Ka bar su a kwalbarsu a rufe, ban da rana, ban da zubawa a leda. Kuma naka ne kai kaɗai, kada ka ba kowa."

Na rubuta abin da na iya. Kwana uku da fara sha kaina ya yi kamar zai tsage, in na miƙe da sauri sai jiri ya kwashe ni. Na ce wannan magani ya fi ciwon mugunta, na jefa kwalin ƙarƙashin tabarma. Ban yi kwana biyu ba ciwon ya dawo da fushi. Daga zaure zuwa masallaci, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai da na zauna a dakalin wani. Isa ne ya tasa ni gaba muka koma.

Sista Rifkatu ta riƙe ƙugu. "Baba, wa ya ce ka daina? Ba a yanke wannan magani kai tsaye. Ciwon kan na 'yan kwanaki ne, ka sha farasitamol zai lafa. In za ka tashi ka tashi a hankali, ka ɗan zauna a bakin shimfiɗa kafin ka miƙe." Ta aiki Isa ya sayo mini ruwa. Da ya ba da baya sai ta rage murya. "Akwai abin da ban faɗa maka ba rannan saboda mutane. Kana shan maganin ƙarfin maza?"

Kunya ta rufe ni. Sa'ar 'yar cikina ce take mini wannan tambaya. "Haba Sista. Ni da ban san inda iyalina suke ba?"

"Ban tambaye ka iyali ba. Ko na kemis, ko na masu mota da lasifika, ko wanda za a rantse maka ganye ne zalla, don da yawa an zuba musu na bature a ciki. In ya haɗu da naitiret a jikin mutum, jini faɗuwa yake yi gaba ɗaya, kamar an fasa randa. Ko jiya aka sha, yana nan a jiki. Mun ga waɗanda aka kawo, ba duka suka koma gida da ƙafarsu ba."

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin, amma a kaina kaɗai na ɗauki maganar. Na ga ba ta shafe ni ba, na ajiye ta gefe.

Ciwon kan ya tafi kamar yadda ta ce. Bappa ya karɓe baron ya ba wani, ya zaunar da ni a rumfa da mudu a hannu ina awo. "Bawan da ya tsufa ai sai gadin gida," in ji shi. Nakan yi wata guda ban buɗe 'yar kwalbar ba. Ita ce shekara mafi sauƙi da na yi tun barin gida, in ka cire layin masu kifi. Ba na bi ta nan. Sau ɗaya iska ta kaɗo mini ƙanshin banda, sai ga ni a tsakar gidana, Falmata na juya kifi a kan waya, ƙaramar 'yata na satar na gefe. Na shiga bayan buhuna na yi kuka kamar yaro.

Ana cikin kaka sai wani mutumin garinsu Isa ya zo sayen gero, ya gan shi a rumfarmu, ya saki salati. Ya ce ai Hauwa tana raye. Ta sha wuya a daji, ta fita ta Kamaru, yanzu tana Kwadon wurin yayanta da ya sami gona a can. Kwadon, nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai awa ba. Isa ya zauna a kan buhu, ya tashi, ya sake zama. Ya kama hannuna yana dariya hawaye na zuba.

Na taya shi murna, Allah Ya sani. Amma ba zan ɓoye ba, a ƙasan murnar akwai wani abu mai ɗaci. Me ya sa tasa, ba tawa ba? Na yi istigfari, abin bai tafi duka ba.

Ya je ya gan ta, ya dawo ya kama ɗaki a Kwadon. Ana gobe zai tare, na hange shi a bakin kasuwa, tsaye kusa da wata mota mai lasifika da ke tallan maganin basir da sanyi da na maza. Mutum ne da ya ba hamsin baya, wahala ta ci shi, shekara uku rabonsa da matarsa. Na ga ya karɓi wani abu ya cusa a aljihu yana waige-waige. Na kau da kai don kada ya gan ni ya ji kunya. A raina har murmushi na yi.

Kwana tara da tarewarsa Bappa ya aike ni Kwadon ranar kasuwa in auno masara. Na aika wa Isa, ya zo da hantsi cikin sabuwar riga, ya yi aski, ya ce Hauwa ta ɗora mini miyar kukar da ya daɗe yana ba ni labari. Da aka zo lodi a a-kori-kura ya hana ni ko taɓa buhu. Ya tuɓe rigar ya shiga cikin 'yan dako.

A buhu na shida ya tsaya. Na ga ya dafe ƙirji, fuskarsa ta yi toka-toka.

"Bukar, wani abu ya danne ni a nan. Har hannu."

Na san wannan ciwo kamar yadda na san sunana. Mutumin da ya ɗaukar mini jarka, ya zauna da ni a bakin hanya sau huɗu, ga shi yana jin abin da nake ji, ga magani a aljihuna. Ban yi tunanin komai ba. Na zaunar da shi a kan buhu, na buɗe kwalbar, na ce ɗaga harshenka.

Ba a jima ba ya ce gari yana juya masa. Gumi ya jiƙe shi, hannunsa ya yi sanyi. Na ɗauka ciwon ne yake ƙaruwa. Na tuna an ce in bai tafi ba a ƙara ɗaya. Wannan na tuna. Na sa masa ta biyu.

Ya yunƙura zai miƙe, sai ya sulale ƙasa kamar rigar da ta zame daga igiya.

'Yan dako suka ɗora shi a bayan motar, a kan buhunan da ya loda da hannunsa. Na hau na tallafe kansa, direba ya kama hanyar Gombe. Muna cikin tafiya maganar Sista ta faɗo mini, ita da motar lasifikar, a lokaci ɗaya. Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

"Isa! Isa, ka sha wani abu? Abin da ka saya a bakin kasuwa?"

Ya buɗe ido da ƙyar. Ya ɗaga kai alamar e. Leɓensa na motsi, na kai kunne.

"Kada ka gaya wa Hauwa."

A shingen shiga gari motoci sun yi layi. Direba ya fita yana ihu akwai marar lafiya, aka buɗe mana gefe, amma kafin a matsar da motocin gaba an ɗauki lokaci. Ina ta laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa sau ɗaya a hankali. Da muka isa asibiti aka sa shi a gadon turawa aka shige da shi da gudu. Ba a daɗe ba likitan nan nawa ya fito. Tun daga tafiyarsa na gane.

Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya nuna mini wata 'yar leda mai hoton doki da aka samu a aljihun wandon Isa, saura ƙulli ɗaya a ciki. Na tambaye shi, "Likita, ni na kashe shi?"

Ya ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ga alama zuciyarsa ta riga ta kamu tun kafin ka ba shi komai, mai yiwuwa ko ba ƙwayarka abin ya zo da ajali. Amma haɗuwar magungunan nan biyu ta kayar masa da jini a lokacin da zuciyar ta fi bukatarsa. Da an kawo shi kai tsaye, da mun sami abin da za mu yi aiki a kai. Iyakar abin da na sani ke nan."

Sista Rifkatu ta bar tagarta ta zo ta zauna kusa da ni a benci. Na jira ta ce ai na gaya maka. Ba ta ce ba. Ta tambaya ko na sha na azahar, na ce a'a. Ta kawo ruwa ta tsaya a kaina sai da na haɗiye.

A Kwadon aka binne shi da yamma. Bappa ya rufe rumfa ya zo, shi ya tsaya a kan komai. A hanyar dawowa ya ce mini kwana ne ya ƙare, in yi shiru da bakina, faɗin abin da ya faru ba zai dawo da shi ba. Na yi kwana uku ina juya maganar. Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, na roƙi yayan Hauwa ya yi mini iso.

Tana cikin ɗaki, labule a tsakaninmu, yayan yana zaune a bakin ƙofa. Ban taɓa ganin fuskarta ba, ƙafafunta kawai nake hange, duk sun tsattsage saboda tafiya. Na yi mata gaisuwa ta amsa. Sannan na ce mata ciwon ƙirji ya kama shi, ni kuma na ba shi maganina har sau biyu, maganin da aka hana ni ba kowa, kuma likita ya ce hakan ya ƙara masa. Nan na tsaya. Ledar mai hoton doki kuwa ban ambace ta ba, tun a asibiti na karɓe ta na jefa a masai.

Yayan ya ɗago ya dube ni.

"Malam Bukar," ta ce, muryarta a dishe. "Tun da ya zo ba shi da zance sai naka. Na san ba da mugunta ka yi ba."

Sai ta tambaya:

"Ya samu ya yi kalma?"

"Ya yi. A kunnena."

"Alhamdulillahi." Ta ja numfashi. "Kafin nan fa? Bai bar wata magana ba?"

Na dubi ƙasa. "Sunanki ya ambata."

Sai a lokacin na ji kukanta, a hankali, irin na wanda ya riga ya gaji da kuka. Da ta lafa ta ce, "Shekara uku ina tafiya ina roƙon Allah Ya nuna mini shi ko da na kwana ɗaya ne. Ya ba ni tara. Ba ni da bakin ƙorafi. Na yafe maka duniya da lahira, Malam Bukar. Amma don Allah kada ka ƙara zuwa gidan nan."

Na ce to. Na sa takalmina, yayan ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da mota. Shekaru sun wuce, har yau ina awo a rumfar Bappa, ko da yake shi ya kwanta dama, 'ya'yansa ne a wurin. Duk kaka ana zuwa Kwadon auno masara. Sun san ba ni ake aika ba.